Na daina zuwa coci, yanzu ban san ko ni wace ce ba

Wata ƙanwa ce ta turo wannan saƙon, ta roƙi kar a faɗi sunanta ko na ƙauyensu. Na ɗan taƙaita shi amma maganarta ce.

"Anti ina wuni. Ni Bahaushiya ce Kirista, shekarata 28, asalinmu wani ƙauye ne a kudancin Katsina amma ina koyarwa a Kaduna. Baba dattijon ikilisiya ne, Mama tana cikin shugabannin zumuntar mata, ni kaina cikin mawaƙa na girma har na koyar da yara a makarantar Lahadi. Yanzu kusan shekara biyu ban taka coci ba. Abin ya fara ne da aka sa ƙawata a horo saboda ta yi ciki, aka tsayar da ita gaban jama'a aka mai da ita bencin baya, shi kuma wanda ya yi mata cikin ba wanda ya ce masa uffan don ɗan manya ne. Da na yi magana aka ce ina da ruhun tawaye. Daga nan tambayoyi suka ɓalle min. Kakana Bamaguje ya mutu, kuma ban taɓa ganin mutumin kirki kamarsa ba, wai yana wuta? 'Yan'uwan Baba Musulmi fa? Bana iya addu'a, amma cikin dare sai in farka da tsoron an yi fyaucewa, wato an ɗauke masu bi zuwa sama, an bar ni. Ina kallon bidiyon 'yan Amurka da suka bar coci, wani lokaci kamar da ni suke wani lokaci kuma a'a. Ƙawayena Musulmi a wurin aiki suna cewa ai dama gida zan dawo. Mama ta ji a bakin mutane ta kira ni tana kuka tana tambaya ko musulunta zan yi. Kirsimeti na zuwa dole in je gida. Anti na ɓata ne? Me zan gaya wa Mama? In ba Kirista ba ce ni, to ni wace ce?"

Ƙanwata sannu, sannu ƙwarai. Bari in fara gaya miki inda na tsaya don ki san da wa kike magana. Ni mai bi ce, har yau ina zuwa sujada, kuma da za a tambayi zuciyata zan so ki samu hanyar komawa ga Yesu ko da ba ta ƙofar da kika fita ba ce. Amma ba zan ja ki da igiya ba kuma ba zan tsorata ki ba, don tsoro kam kin sha shi ya ishe ki haka.

Abin da aka yi wa ƙawarki ba daidai ba ne, kuma kin yi gaskiya da kika yi magana. Wannan ba sai mun je nesa ba, Littafi Mai Tsarkin da suke riƙe da shi shi ne ya ba ki gaskiya. A shari'ar Musa, Littafin Firistoci 20 da Maimaitawar Shari'a 22, namiji da mace duka ake hukuntawa ba mace kaɗai ba. A Yahaya sura 8 da aka jawo mace ita kaɗai gaban Yesu aka bar namijin, kin san yadda aka ƙare, masu duwatsun ne suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙar Yakubu sura 2 kuma da maganar nuna bambanci ta fara, mai zoben zinariya a ba shi kujera mai kyau talaka a ce ya tsaya can. To wanda ya ga an yi haka ya ce a'a, ba tawaye ya yi wa Allah ba, tarbiyyar da aka ba shi ce ta yi aiki. Su suka koya miki adalci tun kina ƙarama a makarantar Lahadi, da kika nemi a yi shi kuma sai kika zama mai laifi, dole abin ya girgiza ki. Duk wanda hakan bai girgiza shi ba shi ne ya kamata a tambayi lafiyar imaninsa.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi damun ki ko da ba ki faɗe shi haka ba. Tun kina jaririya an ba ki abubuwa uku a ɗaure cikin dami ɗaya, Allah, da ikilisiya, da danginki. Igiya ɗaya ta ɗaure su, shi ya sa da igiyar ta tsinke kika ga kamar komai ya zube lokaci guda, alhali ba haka ba ne, dattawan da suka yi son kai daban, Allah daban, Mama daban, ke kanki daban. Aikin da ke gabanki shi ne ki zauna ki ɗauki zangarniya ɗaya ɗaya ki duba wacce ta ruɓe wacce ke da ƙwaya, kuma wannan ba aikin da za a gama kafin Kirsimeti ba ne, mai yiwuwa ya ɗauke ki shekaru, ba laifi.

Kuma a wajenmu igiyar nan ta fi ƙarfi fiye da ko'ina, akwai dalili. Ikilisiyoyin bishara na arewa ba su daɗe ba. A 1893 samari uku na ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyu suka mutu cikin shekara guda, sai 1902 aka samu kafa tasha a Patigi, daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Karl Kumm na ƙungiyar mishan ta SUM ya iso Wase a 1904, tushen ikilisiyar COCIN kenan. Ikilisiyar EYN ta fara a Garkida a 1923. Likita Walter Miller da abokan aikinsa su suka kai ga fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A ƙasar sarakuna kuwa Turawan mulki sun daɗe suna takura wa mishan, sai ta hanyar asibitocin kutare irin su Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato suka samu shiga sosai a shekarun 1930, Maguzawa da yawa kuma sai daga baya suka karɓi bishara, musamman daga shekarun 1970. Kin ga kenan zamanin Babanki ne, shi ya sa kakanki ya mutu a kan al'adarsa. Mutanen nan sun biya farashi, an yi musu gori ta ko'ina, Musulmi ya ce Bahaushe kuma Kirista, Kiristan kudu ya ji sunansa da harshensa ya ƙi yarda da shi, ga wahalar samun filin gina majami'a, ga fargaba duk lokacin da rikici ya tashi. Coci ita ta zama musu makaranta, ita ce asibiti, ita ce wurin samun miji da mata, ita ce mai kai gawa. To in ɗiyar irin wannan gidan ta daina zuwa sujada, abin da iyaye ke ji ba wai ta canja ra'ayi ba ne, ji suke ta bar su. Ki riƙe wannan a ranki don za mu dawo kansa a maganar Mama.

A nan ne kuma bidiyon 'yan Amurkan nan suke taimaka miki rabi su bar ki rabi. Ban ce ki daina kallo ba, wasu cikinsu masu gaskiya ne kuma sun sha wahala ta gaske, tsoron wuta da kunyar jiki da shugabannin da ba a isa a tambaye su ba, duk kin san su. Amma yanayinsu daban. Abin ya yi ƙarfi a can tun wajen 2016, lokacin da kusan kashi 80 cikin 100 na Turawan cocin bishara da suka yi zaɓe suka zaɓi Donald Trump, matasa da yawa suka ga siyasa ta cinye mumbari suka fita, faɗansu ya haɗa da jam'iyya da launin fata da abubuwan da ba namu ba. Sannan a binciken cibiyar Pew, a 2007 kashi 16 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce ba su da wani addini, a 2023 sun kai kashi 28. Wato mutum ya bar coci a can zai tarar da miliyoyin mutane irinsa, zai samu aiki, zai yi aure, ba wanda zai tambaye shi addininsa kafin a ba shi hayar ɗaki. Ke kuma a Kaduna kike, garin da tun rikicin 2000 mutane ke zaɓar unguwa bisa addini. Don haka in wani can ya ce ki fito fili ki sanar wa duniya, ki yanke hulɗa da duk wanda bai fahimce ki ba, ki sani shawarar wata ƙasa ce. Kuma akwai wani abu da na lura da shi, waya tana ƙara miki irin abin da kika kalla, kin kalli ɗaya ta kawo goma, sai ki wayi gari kina fushin da ba naki ba da kalmomin da ba naki ba. Naki fushin ya isa, kuma yana da dalilinsa.

Maganar ƙawayenki Musulmi, na yarda da zuciya ɗaya suke faɗa, mutum in yana son ki zai so miki abin da yake ganin shi ne gaskiya, kamar yadda ni ma na gaya miki nawa burin a sama. In wata rana kin yi karatu kin yi nazari hankalinki kwance zuciyarki ta kai ki can, wannan 'yancinki ne, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da 'yancin canjawa. Amma don Allah kar ki shiga wani addini don kina gudun wani, ko don kaɗaici, ko don ki huta da tambayar wace ce ke. Shiga addini alkawari ne mai nauyi, kuma a ƙasar nan kin san fita ba ta da sauƙi ta kowane ɓangare. Su ma in masu ilimi ne za su gaya miki ba a so mutum ya shiga da rabin zuciya. Ki ce musu kin gode, kina cikin neman Allah, su yi miki addu'a su bar ki ki numfasa. Wadda ta ci gaba da matsa miki bayan haka sai ki rage zama da ita. Haka zan ce game da duk wani fasto ko annabi da zai ce ki zo a yi miki addu'ar kuɓutarwa a cire miki aljanin shakka, haka kuma game da masu cewa duk addini wauta ne ki zo ki waye. Kowa na son ya rubuta sunanki a littafinsa da wuri, ke kuma ba wanda ke bin ki bashin amsa yanzu.

To mu zo kan kakanki, don na ji a nan ne ciwon yake. Abin da ba a cika gaya mana a ajin baftisma ba shi ne amsar da aka ba mu ba ita kaɗai ce amsar Kirista ba. Bulus a Romawa 2 ya yi maganar al'ummai da ba su da shari'a amma shari'ar tana rubuce a zukatansu, lamirinsu yana shaida. Ibrahim a Farawa 18 ya tsaya yana jayayya da Allah a kan Saduma, hujjarsa ita ce mai shari'ar dukan duniya ba zai yi rashin adalci ba, kuma Allah bai ce masa yana da ruhun tawaye ba, sauraronsa ya yi. Cocin Katolika a babban taronta na Batikan na biyu ta rubuta a 1964 cewa wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa, zai iya samun ceto, kuma a wannan wurin ta ambaci Musulmi da girmamawa. Ko cikin gidan bishara kansa ba baki ɗaya ake ba, John Stott wanda ya jagoranci rubuta alkawarin Lausanne na 1974, wato sanarwar babban taron masu bishara na duniya, mutumin da fastocinmu ke karanta littattafansa a makarantar tauhidi, ya fito a 1988 ya ce shi yana karkata ga cewa azaba ba mai dawwama har abada ba ce, hallaka ce, aka yi ta cece-kuce amma ba wanda ya iya cewa shi ba mai bi ba ne. Ban kawo miki waɗannan don in ce ga wanda ya yi daidai ba. Na kawo ne don ki san gidan ya fi ɗakin da aka haife ki a ciki faɗi, akwai cocin Habasha da na Masar da suka girmi duk mishan ɗin da suka zo mana da fiye da shekara dubu, kuma ba komai suke karantawa yadda muke karantawa ba. Wanda ya tsaya ya ce miki tabbas kakanki yana wuta ya ɗauki aikin da ba a ba shi ba. Ni abin da nake riƙe da shi shi ne Allah ya san tsohon nan fiye da yadda kika san shi, ya ga duk kirkin da kika gani da wanda ba ki gani ba, kuma ba zai fi ki rashin tausayi ba.

Fyaucewa ma haka. Kiristoci tun farko sun gaskata Almasihu zai dawo, wannan tsoho ne. Amma hoton nan da ke tashin ki cikin dare, wai za a ɗauke wasu a ɓoye a bar wasu su sha tsanani na shekara bakwai, a wannan tsarin bai kai shekara 200 ba. Wani malami John Nelson Darby ne ya tsara shi a shekarun 1830, ya bazu a Amurka ta wani bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield da ya fito a 1909, mishan da yawa da suka zo mana daga Amurka da Kanada kuma da shi suka taso, shi ya sa muka karɓe shi kamar tare da bishara ya sauko. Katolika ba sa koyar da shi, Otodoks ba sa koyarwa, Luther da Calvin da suka jagoranci gyaran ikilisiya ba su san shi ba. Suna karanta 1 Tasalonikawa 4 ɗin nan kamar kowa amma ba haka suke fassara shi ba.

Na san sanin wannan ba zai hana ki farkawa yau da dare ba, don tsoron ba a kai yake zaune ba a jiki yake, an shuka shi tun kina yarinya kafin ki iya tambaya. Kuma ki ji ni da kyau, tsoron nan ba hujja ba ce cewa abin gaskiya ne, ba kuma muryar Allah ba ce tana kiran ki, don wanda ya taso a wani addinin ya bari shi ma da irin nasa tsoron yake farkawa. In ya zo ki tashi zaune ki kunna fitila, ki sha ruwa, ki ja numfashi a hankali, ki gaya wa kanki da baki wannan tsoron yarinta ne ya dawo. Ki daina kallon bidiyon addini kowane iri in dare ya yi. In kuma abin ya kai ba kya barci makonni, ko ba kya cin abinci, ko aiki ya gagara, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa miki, to wannan ya zama maganar likita kar ki tsaya jira, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna, zuwa can ba hauka ba ne, masu damuwa da rashin barci suna zuwa. In za ki ga mai ba da shawara ki gaya masa tun farko ba wa'azi kika zo nema ba.

Kin ce ba kya iya addu'a. To kar ki tilasta, kar kuma ki yi ƙarya a gaban Allah don ki ji kin cika aiki. Amma ki sani shirun nan ba baƙo ba ne a cikin bangaskiya. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ta ƙare da yabo ba, a cikin duhu ta ƙare kuma an bar ta a cikin Littafin. Ayuba ya yi ta faɗa da Allah, a ƙarshe abokansa masu kare Allah da amsoshi shiryayyu su aka tsawata wa. Toma ya ce sai ya gani, mako guda yana cikin almajirai da shakkarsa ba wanda ya kore shi. Uban yaron nan a Markus 9 ya haɗa ba da gaskiya da rashin ba da gaskiya a numfashi ɗaya kuma aka warkar masa da ɗa. Wasiƙar Yahuza aya 22 cewa ta yi a ji tausayin masu shakka. Mama Teresa ta Kalkata, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai aka ga ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah baya nan, tana kuma ci gaba da wanke marasa lafiya. Don haka tambayarki ko kin ɓata, amsata a'a, mutumin da rashin adalci ya hana shi barci yake kuka a kan makomar kakansa ba ɓatacce ba ne a idona. Inda tafiyar za ta kai ki, ko wata ikilisiya dabam, ko komawa taku da sabon ido, ko zama a waje na wani lokaci mai tsawo, wannan tsakaninki da Allah ne. In wata rana kin ji marmari, ki je wata majami'a inda ba a san ki ba ki zauna a baya ki saurara ki fita, ba rajista ba alkawari. In ba ki ji ba ki bari.

Ita kuma wace ce ke, ai ba ki fara daga sifiri ba. Hausar da kike mafarki da ita ba coci ce ta ba ki ba. Ke jikar tsohon nan ce, ke malama ce da yara ke jira kowace safiya, ke ce wadda ta tashi ta yi magana ranar da manya suka yi shiru. Waƙoƙin da kika haddace ma naki ne, in sun zo bakinki kina wanke-wanke ki rera abinki ba munafunci ba ne, muryar Mamanki ce a ciki da ƙuruciyarki. Abin da kika rasa na gaske shi ne jama'a, Lahadi ta zama fanko, ba gwajin waƙa ba zumunta ba mai cewa ba mu gan ki ba, kuma kaɗaicin nan shi ke sa mutane su faɗa hannun duk wanda ya fara buɗe musu ƙofa. Ki nemi abin da zai haɗa ki da mutane a ranar, ko darasi kyauta ga yaran unguwa, ko ziyarar marasa lafiya, ko adashe da malaman makarantarku. Ita ƙawar taki ma ki neme ta in kun rabu, ta fi kowa sanin abin da ya faru kuma mai yiwuwa tana tunanin kowa ya manta da ita. Mutum ɗaya ko biyu da za ki iya gaya wa komai sun ishe ki a yanzu. Amma Facebook da guruf na WhatsApp, a'a ƙanwata, kar ki rubuta shakkunki a can, kar ki yi muhawarar addini a can ko ta wane ɓangare, mun ga yadda magana ɗaya da aka ɗauka aka yaɗa ta jawo wa mutane ɗauri har da rasa rai a arewacin nan. Ki sayi littafin rubutu ki zuba komai a ciki.

Saura Mama. Kar ki jira Kirsimeti, gida zai cika da baƙi kowa na kallon ku, ba lokacin wannan maganar ba ne. Ki kira ta tun yanzu ko ki je ƙarshen mako ku zauna ku biyu a ɗakinta. Tambayar da ta yi miki ita ce ko musulunta za ki yi, amma abin da take tambaya a ƙasa shi ne ko ta rasa ki, a duniya da lahira, ga kuma kunyar matan zumunta da za su ce shugaba ta kasa riƙe ɗiyarta. Ki fara amsa wannan. Ki ce Mama ni ɗiyarki ce ba inda za ni, ban shiga wani addini ba, abin da aka yi wa ƙawata ne ya ji min ciwo har na kasa shiga coci, ina da tambayoyi kuma ina nema, ki ci gaba da yi min addu'a. Duk wannan gaskiya ne ba ƙarya a ciki, kuma ba dole ki zazzage mata maganar wuta da fyaucewa a zama ɗaya ba. Abin da ba na so ki yi shi ne alkawarin da ba ki da tabbas a kai, kar ki ce zan koma wata mai zuwa don kawai ta daina kuka, in ba ki koma ba kin ƙara mata ciwo kin kuma zubar da yardar da ke tsakaninku. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi, ki riƙe hannunta, kukanta ba yana nufin kin yi laifi ba. Kuma ki ba ta abin da za ta gaya wa mutane, ta ce tana nan lafiya muna magana da ita, ya isa.

Ranar Kirsimeti in kin ga za ki iya raka su sujada saboda su, ki je, zama kusa da uwa ba yaudara ba ce. Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, shi ne kawai zan ce kar ki ci in zuciyarki ba ta nan, kuma in aka ce ki fito ki yi waƙa ko shaida ki ce ba wannan karon ba. In kin ga shiga ginin ma zai tayar miki da hankali ki zauna gida ki kama girki, a dawo a tarar da abinci.

Baba kuma daban ne, shi dattijo ne, duk abin da kika faɗa a kan horon nan zai ji kamar kujerarsa kike tuhuma, mai yiwuwa ma yana cikin waɗanda suka zauna a kan maganar. Kar ki tare shi gaban mutane, ki bari Mama ta fara shirya shi, ko ki nemi wani kawu ko gwaggo da yake jin maganarsu su zauna tare da ku. In ya ce zai tara dattawa ko ya kira fasto a yi zama a kanki, ki ce cikin ladabi Baba da kai nake son magana ba da kwamiti ba, kina da ikon ƙin wannan zaman tunda ba ƙararki aka kai ba. Ki tafi da kuɗin motarki a jaka kuma ki sanar da wata ƙawa ranar da za ki dawo, in zaman ya yi zafi har aka fara maganar hana ki komawa Kaduna ko ƙwace waya, ki gaishe su da kyau ki kama hanya da safe, a ci gaba da maganar ta waya in hankali ya kwanta.